Haldun Taner, marubucin da ya kai bakin talakawan Istanbul kan dandamali

A ranar 1 ga Nuwamban 1928 majalisar dokokin Turkiyya ta zartar da dokar da ta sallami baƙaƙen Larabci daga rubutun Turkanci, ta maye gurbinsu da haruffan boko 29. Cikin ƴan watanni jaridu da allunan shaguna da takardun hukuma duk suka sauya kama, dattawan da suka tsufa da alƙalami a hannu suka koma aji suna koyon abacada. Haldun Taner yana ɗan shekara 13 a lokacin. Ya fara rubuta harshensa daga dama zuwa hagu, ya gama makaranta yana rubuta shi daga hagu zuwa dama. A 1932 kuma aka kafa ƙungiyar gyaran harshen Turkanci, wadda ta ɗauki aikin tsince kalmomin aro na Larabci da Farisanci tana sa sababbi a madadinsu. Kalmar mektep ta ba okul wuri a ma'anar makaranta, muallim kuwa, wadda mu muka mayar malam, ta ba öğretmen wuri. Ke nan Taner ya girma a ƙasar da hukuma ke tsara wa mutane yadda za su rubuta da kalmomin da za su faɗa, shi kuwa ya gina aikinsa mafi daraja a kan sauraron yadda suke magana idan babu mai tsara musu.

Kafin a yi nisa, ga ɗan taimako ga mai son furta sunayen da ke tafe. Harafin ş na Turkanci shi ne sh namu, ç shi ne c namu, c nasu kuwa j ne a wurinmu. Harshen yana da wasula takwas, kuma wannan na cikin hujjojin da masu canjin rubutu suka kafa, tun da baƙaƙen Larabci ba su da isassun alamomin rarrabe su. Wanda ya taɓa fama da rubuta e da o a ajamin Hausa ya san irin wannan matsala.

An haifi Taner a Istanbul a 1915, a tsakiyar yaƙin duniya na farko, daular Usmaniyya ta Turkawa tana gab da rushewa. Mahaifinsa Ahmed Selahaddin malamin shari'a ne a jami'ar birnin, kuma wakili a majalisar ƙarshe ta daular. Ya rasu yaron yana da shekara 5, sai mahaifiyar ta koma da shi gidan mahaifinta, wanda yake da maɗaba'a. A can ya tashi cikin ƙanshin tawada, yana ganin marubuta suna shiga suna fita da takardunsu. Ya yi makarantar Galatasaray, tsohuwar makarantar da ke koyar da darussa da Faransanci da Turkanci, wadda ta daɗe tana fitar wa ƙasar jakadu da ministoci. Ya gama a 1935, ya tafi jami'ar Heidelberg ta Jamus karatun siyasa da tattalin arziki, a daidai shekarun da Hitler ke ƙara damƙe ƙasar. Bisa dukkan alamu hanyar mahaifinsa ya kama.

Tarin fuka ya yanke wannan hanya. A 1938 ya dawo gida bai gama karatu ba, ya yi kusan shekara huɗu yana jinya a asibitin masu wannan cuta da ke Erenköy, a ɓangaren Asiya na Istanbul. A zamanin ba a samu maganinta ba tukuna, abin da likita ke iya bayarwa shi ne hutu da abinci da iska mai kyau. Saurayin da aka shirya wa kujerar ofis ya samu kansa kwance, ba shi da aiki sai karatu da sauraro. Daga nan ya fara rubuta gajerun wasanni domin rediyo, kuma rediyo makaranta ce mai tsanani ga marubuci: ba fuska, ba tufafi, sai murya kaɗai za ta shaida wa mai sauraro ko wane ne ke magana, daga ina ya fito, kuma nawa ke aljihunsa. Bayan ya warke ya koma jami'ar Istanbul, ya karanta harshen Jamusanci da adabinsa, ya kammala a 1950 yana da shekara 35.

Da gajerun labarai ya fara yin suna. Littafinsa na farko ya fito a 1949, a 1953 kuma labarinsa Şişhane'ye Yağmur Yağıyordu, wato ana ruwa a unguwar Şişhane, ya zo na ɗaya cikin labaran Turkiyya a gasar da jaridar New York Herald Tribune ta shirya tsakanin ƙasashe. Jarumin labarin wani tsohon doki ne mai jan amalanken shara, wanda ya hangi kansa a madubin da ɗan dako ya ɗauko, ya yi haniniya. Daga wannan haniniya aka samu haɗari a titi, zirga-zirga ta tsaya, wani attajiri ya makara, har cinikin da ake ƙullawa da wata ƙasa mai nisa ya sauya hannu. A 1955 ya samu kyautar Sait Faik, babbar kyautar gajeren labari a ƙasar. Sai dai ga ɗalibin harshe, littafin da ya fi jan hankali a wannan zango shi ne Ayışığında Çalışkur na 1954. A ciki ya ba da labarin abin da mazauna wani bene na masu kuɗi suke aikatawa a daren farin wata, sannan ya jero ƙorafin masu karatu da ya ƙirƙiro, kowa da irin bakinsa da irin fushinsa, sannan ya sake ba da labarin an gyara shi yadda suka nema, duk wani mai laifi ya zama mutumin kirki. Kalmomi kaɗan ya sauya, gaskiyar kuwa ta juye gaba ɗaya.

Wasan kwaikwayonsa na farko, Günün Adamı, wato gwanin yau, labarin wani shehun malami ne da ƴan siyasa suka janyo cikin harkarsu. Gidan wasan birnin Istanbul ya karɓe shi, amma a 1953, ana cikin shiri, hukuma ta sa aka janye shi. Zamanin jam'iyyar Demokrat ta Adnan Menderes ne, wadda ta hau mulki a 1950 da alkawarin ƴanci, sannan ta soma ƙosawa da masu suka. Ba a ga wasan a dandamali ba sai bayan faɗuwar wannan gwamnati. Taner bai fasa ba. A tsakiyar shekarun 1950 ya tafi Biyana ta ƙasar Ostiriya ya yi kusan shekara biyu yana nazarin fasahar wasan kwaikwayo, ya dawo yana koyar da ita a jami'a. A ranar 27 ga Mayun 1960 sojoji suka kifar da Menderes, kuma wanda ya zaci marubucin da tsohuwar gwamnati ta hana wa wasa zai samu sauƙi ya yi kuskure: a Oktoban shekarar sojojin suka kori malaman jami'a 147, har da shi. Farar hula sun rufe masa dandamali, masu kaki sun rufe masa aji.

A Turai ya san aikin Bertolt Brecht, Bajamushen da ya ƙi yarda mai kallo ya nutse cikin wasa har ya manta wasa ne. Brecht yana katse labari da waƙa, yana sa ɗan wasa ya juyo ya yi wa jama'a magana kai tsaye, domin su riƙa tunani a kan abin da suke gani maimakon su share hawaye su tafi gida. Marubuta da yawa a duniya sun kwafi wannan dabara yadda take. Abin da Taner ya lura da shi shi ne Turkawa sun daɗe da irinta a gida, sun dai raina ta ne tun da suka fara gina gidajen wasa irin na Faransa a ƙarni na 19. Akwai meddah, mai ba da labari a gidajen shan gahawa, wanda da sanda da hankici kaɗai yake zama mutum goma, yana sauya murya. Akwai orta oyunu, wasan tsakar fili, da ake yi jama'a sun kewaye ƴan wasa, ba labule ba ɓoye-ɓoye. Akwai kuma Karagöz, wasan inuwa da ake yi da ƴan siffofin fata a bayan farin ƙyalle da fitila, musamman a dararen azumi.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a dakata a kansa, domin kusan dukkan dariyarsa daga harshe take fitowa. Taurarinsa biyu ne. Hacivat mai ilimi ne, yana magana da Turkancin fada, cike da Larabci da Farisanci. Karagöz bai yi karatu ba, duk kalmar ƙasaita da abokinsa ya furta sai ya ji ta a karkace, ya mayar da ita wata kalmar kasuwa mai kama da ita a sauti, sau da yawa ta batsa ko ta abinci. Kewaye da su kuma ga mutanen daula, kowa ana gane shi da furucinsa: Balarabe, Ba'albane, Ba'armene, Bayahude, Bagirke, mutumin gaɓar Baƙin Teku mai saurin baki, baƙauyen tsakiyar Anatoliya. Masu gyaran harshe na jamhuriya suna ganin wannan hayaniya a matsayin abin da ya kamata makaranta ta share. Taner ya gan ta a matsayin taswirar al'umma, wadda ke nuna wa ke sama, wa ke ƙasa, da wanda ke ƙoƙarin hawa da aron bakin da ba nasa ba.

Daga haɗuwar waɗannan biyu, Brecht da gadon gida, aka samu Keşanlı Ali Destanı, wanda aka fara nunawa a Istanbul ranar 31 ga Maris 1964. Ƙungiyar Gülriz Sururi da Engin Cezzar ce ta yi shi, Yalçın Tura ya tsara kiɗan. Destan kalmar Farisanci ce mai nufin doguwar waƙar jarumta, Keşan kuwa gari ne a yankin Turkiyya na nahiyar Turai, don haka sunan yana nufin waƙar jarumtar Ali mutumin Keşan. Wasan yana faruwa a Sineklidağ, dutsen ƙudaje, wata ƙagaggiyar unguwa irin waɗanda Turkawa ke kira gecekondu. Kalmar kanta tarihi ce: gece dare, kondu ya sauka, wato gidan da aka kafa cikin dare ɗaya a filin da ba na mai shi ba, kafin hukuma ta farka. A shekarun 1950 da 1960 mutanen karkara sun yi ta kwarara Istanbul da Ankara, irin waɗannan unguwanni suka kewaye biranen, kowane ɗan ci-rani da karin harshen garinsu.

An ɗaure Ali bisa zargin kashe wani azzalumin unguwa, alhali ba shi ya kashe shi ba. Ya yi ta rantsuwa ba a saurare shi ba. Yana kurkuku labarinsa ya girma a waje, aka ce harsashi ba ya huda shi, har ranar da ya fito unguwa ta tarbe shi tarbar sarki, ta zaɓe shi muhtar, wato mai unguwa. Ya ga ƙaryar ta fi gaskiya amfani, ya rungume ta, ya shiga karɓar kuɗin kariya yana ciniki da ƴan siyasa a kan ƙuri'un talakawa. Sai dai mamacin kawun Zilha ne, yarinyar da yake so, ita kuwa ba za ta auri wanda ya kashe kawunta ba. Idan ya faɗa mata gaskiya ya samu mata ya rasa unguwa, idan ya yi shiru ya riƙe unguwa ya rasa ta. A ƙarshe ainihin mai kisan, Cafer, ya zo yana ƙalubalantarsa a gaban jama'a, Ali ya fita ya kashe shi, aka sake tafiya da shi. Sunan da aka laƙaba masa bisa ƙarya ya zama nasa na gaskiya.

A ganina ƙarfin wasan yana wurin da aka ɗauke Zilha daga gidan ba-hayar haya inda take aiki aka kai ta gidan wani attajiri, saboda ta yi kama da matar ɗansa da ta gudu. Aka ɗauko mata malama ta koya mata tafiya da zama da maganar manya. Tana ɗaukar kalmomin ƙasaita tana karya su, tana sa su inda ba wurinsu ba, jama'a suna dariya. Wannan dabarar Karagöz ce tsantsa, amma Taner ya karkata ta: kafin a gama dariyar mai kallo ya gane cewa masu gidan ma aron baki suke yi, nasu dai daga Faransanci ne, kuma abin da ya raba su da ita kuɗi ne da daɗewa ana maimaitawa. Abin da muke karantawa a darasin walwalar harshe game da karin da ake girmamawa da wanda ake rainawa, ga shi an ɗora a dandamali da kiɗa. Masu sauraron wasannin rediyo a Damagaram da Yamai sun san yadda jimla ɗaya ta Adaranci ko Hausar ɗan lakwal mai cakuɗe da Faransanci ke bayyana mutum tun bai faɗi sunansa ba. Akwai haɗari a wannan hanya, domin kwaikwayon bakin wasu yana iya zama izgili gare su, kuma tsohon wasan inuwa bai tsira daga hakan ba. Taner ya fi kaucewa saboda mafi zafin bulalarsa a kan masu iko take sauka.

Wasan ya samu karɓuwar da ba a saba gani ba. An nuna shi ɗaruruwan lokuta, Atıf Yılmaz ya mayar da shi fim a shekarar da ya fito, aka fassara shi aka yi shi a Jamus da wasu ƙasashe. Mai fassara irin wannan aiki yana cikin tsaka mai wuya, tun da labarin yana ƙetare iyaka cikin sauƙi, karin harshe kuwa ba ya ƙetarewa.

A 1964 ɗin dai ya fitar da Gözlerimi Kaparım Vazifemi Yaparım, wato in rufe ido in yi aikina. Kalmar vazife ita ce wazifa da muka sani, amma a Turkanci nauyin aiki take nufi. Yara biyu ne suka tashi a unguwa ɗaya tun ƙarshen daula, wasan ya bi su cikin yaƙe-yaƙe da sauye-sauyen mulki. Vicdani, wanda sunansa ya fito daga kalmar Larabci mai nufin lamiri, ya gaskata duk abin da littafin makaranta da jarida da shugaba suka faɗa masa. Efruz bai gaskata komai ba, ya ci riba a kowane zamani. Vicdani ya ƙare a asibitin masu taɓin hankali yana ganin kansa faifan garmaho ne, mai maimaita abin da aka naɗa masa. A 1965 ya biyo da Eşeğin Gölgesi, inuwar jaki, wanda ya ɗauko daga wani tsohon labarin Girkawa: mutum ya yi hayar jaki, ya zauna a inuwarsa, mai jaki ya ce inuwa ba ta cikin ciniki, shari'ar ta raba gari biyu, lauyoyi da ƴan siyasa suka ci moriya.

Wasan da ya fi fito da ra'ayinsa a fili shi ne Sersem Kocanın Kurnaz Karısı na 1969, wayayyiyar matar wawan miji. Ya koma ƙarni na 19, lokacin da yawancin ƴan wasan Istanbul Armeniyawa ne masu furta Turkanci da nasu lafazi, kuma Ahmed Vefik Paşa, gwamnan Bursa, yana juya wasannin Molière zuwa Turkanci. Wata ƙungiya ƙarƙashin Tomas Fasulyeciyan tana ƙoƙarin yin George Dandin na Molière, sai aka nuna shi ta fuska uku: a kwaikwayon Turawa, a gyaran da aka yi masa ya dace da mutanen daula, da kuma a salon wasan gargajiya. Tambayar da ke ƙarƙashi ita ce yadda al'umma za ta ari abu daga waje ya zama nata, tambayar da duk mai fassara ko mai ƙirƙirar sababbin kalmomi yake fuskanta.

Aikinsa na jarida ya tafi kafaɗa da kafaɗa da wannan duka. Turkawa suna kiran mai fili na dindindin a jarida köşe yazarı, marubucin kusurwa, kuma a ƙasar kusurwar jarida minbari ce mai ƙarfi. Taner ya fara tasa a jaridar Tercüman a shekarun 1950, ya sa mata suna Devekuşu'na Mektuplar, wasiƙu zuwa ga jimina. A Turkanci jimina ita ce tsuntsun raƙumi, deve raƙumi, kuş tsuntsu, kuma ana yi mata sharrin tana cusa kai cikin rairayi idan ta ga haɗari. Kowa ya gane wa ake nufi. Sunan ya bi shi har 1967, lokacin da ya kafa ƙungiyar Devekuşu tare da Ahmet Gülhan da Zeki Alasya da Metin Akpınar, suna gajerun wasannin barkwancin siyasa a ƙaramin zaure, jama'a na zaune kusa da ƴan wasa. Sun buɗe da Vatan Kurtaran Şaban, Şaban mai ceton ƙasa, labarin ma'aikacin ofishin filaye da aka naɗa babban jami'in al'adu, bai san komai a kai ba amma yana da ra'ayi a kan komai. Alasya da Akpınar sun zama cikin mashahuran ƴan barkwancin ƙasar.

Daga 1974 har rasuwarsa ya yi rubutu a jaridar Milliyet. Shekaru ne masu nauyi: ana harbe-harbe tsakanin ƴan hagu da ƴan dama a tituna da jami'o'i, a ranar 1 ga Fabrairun 1979 aka harbe babban editan jaridar, Abdi İpekçi, a cikin motarsa, a Satumban 1980 kuma sojoji suka sake karɓar mulki. Cikin wannan yanayi Taner ya riƙe murya mai sanyi, ta hira. Yana rubutu a kan ladabin zaman birni, da yadda ake rushe tsohon Istanbul, da tafiye-tafiyensa, da mutanen da ya sani suka riga shi. Ɗaya daga littattafan da ya tara waɗannan rubuce-rubuce ya ɗauki sunansa daga kalmomin da meddah ke buɗe labari da su, alamar inda yake ganin asalin sana'arsa. Ana iya cewa sanyin ya yi yawa a zamanin da jini ke zuba, kuma wanda ya nemi ihu a kusurwarsa ba zai samu ba. A Turkancinsa ma haka yake: a lokacin da zaɓen tsohuwar kalma ko sabuwa ke nuna ɓangaren siyasar mutum, shi yana amfani da duk wadda ta dace da mai magana da wurin maganar.

Ya rasu a Istanbul ranar 7 ga Mayun 1986, yana da shekara kusan 71, sakamakon ciwon zuciya. Daga shekarar da ta biyo baya Milliyet ta fara ba da kyautar gajeren labari da sunansa. A Kadıköy, kusa da inda jiragen ruwa ke sauke masu ƙetarowa daga ɓangaren Turai, akwai tsohon ginin kasuwa da aka mayar gidan wasan kwaikwayo na birni, shi ma sunan Haldun Taner yake ɗauke da shi.